Shin kyautar da muke ba yara don su yi karatu ita ce take kashe musu son karatun?

Malamar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da malamai da iyayen da ke wannan zaure, kuma ina roƙon waɗanda suka karanci ilimin halayyar ɗan Adam su haska mini wani al'amari da ya shige mini duhu a wurin aiki.

Ina koyarwa ne a aji huɗu na wata makarantar firamare, ajin kuma a cike yake maƙil. Tun farkon shekarar karatu na lura akwai wasu 'yan kaɗan daga cikin yaran da ke son littattafan labaran Hausa da nake ajiyewa a cikin akwati a bayan aji, har sukan roƙe ni in bar su su zauna su karanta idan an fita tara. Ganin haka sai na so in jawo sauran, na sanar cewa duk wanda ya karanta labari ya zo gaban aji ya ba mu shi zai samu fensir ko biskit, wanda ya fi kowa yawan labarai a ƙarshen wata kuma zai samu littafin rubutu. Da farko abin ya yi armashi, har rububin akwatin ake yi. Daga aljihuna nake sayen kayan, saboda haka da hidimomin gida suka yi mini yawa sai na dakatar da kyautar.

Ban yi mamaki ba da sababbin shiga suka janye, domin na san abin da ya kawo su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne waɗancan na farko, waɗanda suke karatu tun ba a yi musu alkawarin komai ba, su ma sun yi sanyi, har ɗaya daga cikinsu da na miƙa mata littafi ta tambaye ni abin da za a ba ta idan ta gama. Akwai kuma wani rukuni na yaran da ke zama a can baya, waɗanda ko lokacin da kyautar take gudana ba su taɓa matsowa kusa da akwatin ba.

Wata abokiyar aikina ta ce kyautar ce ta lalata su, shugaban makarantarmu kuma ya ce kyauta ita ce daidai, kawai a nemi ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyinta don kada ta yanke. Me masana suka gano game da wannan? In mayar da kyautar ne ko in bar ta gaba ɗaya? Kuma me ya hana yaran baya motsawa tun farko?

Malami a Kwalejin Ilimi:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani a ajinki masu bincike sun gan shi tun fiye da shekara 50 da suka wuce, kuma akwai wani gwaji da ya yi kama da labarinki sosai, don haka da shi zan fara.

A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka wallafa sakamakon wani aiki da suka yi a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka. Sun fara ne da leƙen yara 'yan shekara 3 zuwa 5 ta bayan wani gilashi da na ciki ba ya ganin na waje, suka ware waɗanda da kansu suke zaɓar yin zane da alƙaluma masu launi, sannan suka raba su rukuni uku. Rukunin farko an nuna musu wata takardar yabo mai tauraro ruwan zinariya da jan kirtani, aka ce za a ba su idan suka yi zane. Rukuni na biyu sun yi zanen ba tare da alkawari ba, sai da suka gama aka ba su takardar ba zato. Na uku ba alkawari, ba kyauta. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake baje alƙaluman a aji tare da sauran kayan wasa, babu wanda ya ce wa kowa komai. Yaran da aka yi wa alkawari sun ɓata kusan rabin lokacin da sauran rukunan biyu suka ɓata a kan zanen, kuma waɗanda aka ba zane-zanen su duba, ba tare da sun san na wane rukuni ba ne, sun ba zanen 'yan alkawari maki mafi ƙaranci. Ki lura da rukuni na biyu, Malama, domin su ma sun karɓi takardar amma sha'awarsu ba ta ragu ba. Ashe ba takardar ce ta yi ɓarnar ba, cinikin da aka ƙulla kafin a fara ne.

Shekara biyu kafin wannan, a 1971, Edward Deci ya wallafa irin wannan sakamako a kan ɗaliban jami'a. Ya ba su wani wasa na harhaɗa gutsattsari 7 su fitar da siffofi, ya biya wasu dala ɗaya a kan kowace siffa a zama na biyu, sannan a zama na uku ya ce babu kuɗi. A kowane zama yakan fita ya bar su na minti 8 da wasan da mujallu a gabansu, ana kallon abin da za su zaɓa. Waɗanda aka taɓa biya sun rage taɓa wasan bayan kuɗin ya yanke. Ɗalibai 24 ne kacal, bambancin kuma bai taka kara ya karya ba, shi ya sa aka daɗe ana jayayya a kai. A 1994 Judy Cameron da David Pierce na Jami'ar Alberta a Kanada suka tattara gwaje-gwaje masu yawa suka ce an zuzuta illar fiye da kima. A 1999 Deci da Richard Koestner da Richard Ryan suka mayar da martani da nazarin gwaje-gwaje 128, suka nuna cewa kyautar abin hannu da aka yi alkawarinta tun kafin aiki tana rage komawar mutum ga aikin da dama yake so, cewa illar ta fi tsanani a kan yara fiye da ɗaliban jami'a, kuma cewa kyautar ba-zata ba ta da wannan illa.

Bayanin da Deci da Ryan suka bayar, wanda suka shimfiɗa a littafinsu na 1985 suna Jami'ar Rochester, shi ne cewa ɗan Adam yana da buƙatu uku a zuciya waɗanda sha'awar aiki ta dogara da su: ya ji cewa da yardarsa yake yin abin, ya ji cewa ya iya kuma yana ƙara iyawa, ya kuma ji cewa akwai ƙauna da mutunci tsakaninsa da waɗanda yake tare da su. A wurinsu kowace kyauta saƙo biyu take ɗauke da shi. Tana iya ce wa yaro “ka iya”, tana kuma iya ce masa “ni ne nake juya ka”. Idan saƙo na biyu ya rinjaya, yaron da a da zai ce yana karatu ne don labarin yana yi masa daɗi sai ya koma yana ce wa kansa don biskit yake yi, ranar da biskit ya yanke kuma dalilin ya yanke. Tambayar da yarinyar nan ta yi miki ba rashin tarbiyya ba ce, ta fahimci tsarin da aka shimfiɗa ne ta bi shi.

Zan ƙara da wani aiki da nake ganin ya fi waɗannan amfani ga malamin aji, wato na Ruth Butler a Isra'ila, wanda aka wallafa a 1988. Ta ɗauki yara 132 na aji biyar da shida, masu ƙoƙari da masu rauni, ta ba su ayyuka, sannan ta mayar wa wasu da takardunsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai wanda ke nuna abin da suka yi daidai da inda za su ƙara, wasu kuma da maki da sharhi a haɗe. Waɗanda suka samu sharhi kawai sun riƙe sha'awarsu, aikinsu kuma ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su bambanta sosai da 'yan maki kawai ba, kamar dai idon yaro yana sauka a kan lamba sai ya daina ganin rubutun da ke ƙarƙashinta. Masu rauni su ne makin ya fi karya wa guiwa. Duk malamin da ya taɓa raba takardun jarrabawa ya san cewa abu na farko da yaro ke yi shi ne leƙa takardar na kusa da shi.

Shawarata ita ce kada ki mayar da tsarin labari ɗaya biskit ɗaya, ko da ƙungiyar iyaye ta yarda ta biya. Idan kuɗi suka samu, a sayi sababbin littattafai a zuba a akwatin.

Tsohon Hedimasta:

'Yata, Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kika fitar daga aljihunki. Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina tsoron kada matasan malaman da ke karanta wannan su tashi da fahimtar cewa kyauta guba ce, alhali ba abin da gwaje-gwajen suka nuna ke nan ba.

Ya kamata a lura cewa masu binciken Stanford da gangan suka zaɓi yaran da suke son zane tun asali. Yaron da bai taɓa ɗanɗana daɗin karatu ba, wanda haruffa suke yi masa nauyi, babu wata sha'awa a cikinsa da kyauta za ta kashe, kuma in ban manta ba su kansu Deci da abokansa sun yarda cewa illar tana bayyana ne a aikin da mutum yake jin daɗinsa. Mafi yawan yaran da na koyar a rayuwata irin na biyun ne. Motar da batirinta ya mutu sai an tura ta, amma mai hankali yana daina turawa da zarar inji ya kama. Kyauta turi ce, kuma gwanintar malami ita ce sanin wanda yake buƙatarta da lokacin da za a cire hannu.

A kwalejin horon malamai an koya mana aikin Edward Thorndike, wanda tun 1898 yake saka kyanwoyi a akwati yana auna yadda suke koyon buɗe ƙofa don su kai ga abinci, har ya kafa ƙa'idar cewa aikin da daɗi ya biyo bayansa ya fi saurin maimaituwa. Daga baya B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan da ɓeraye da tantabaru, kuma akwai abu guda a cikin bincikensa da ya shafi ajinki kai tsaye: ɗabi'ar da ake saka wa a kowane karo ita ce ta fi saurin mutuwa idan sakayya ta tsaya, wadda ake saka wa jefi-jefi kuwa, ba tare da an san ranar ba, tana daɗewa. Tsarin da aka yi a ajinki na kowane labari da kyautarsa ne, sannan ya yanke rana ɗaya. Ko ba a kawo zancen sha'awar zuciya ba, wannan kaɗai ya isa ya bayyana janyewar sababbin shiga.

Malamanmu na Musulunci ma sun tattauna wannan tun da daɗewa. Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa a cikin Ihya'u Ulumid Din cewa idan yaro ya nuna hali mai kyau a girmama shi, a ba shi abin da zai faranta masa rai, a yabe shi a gaban mutane. A wani wurin ya bayyana yadda ake kwaɗaitar da yaro zuwa makaranta da wasa, sannan a ɗaga shi zuwa son ado da tufafi masu kyau, sannan zuwa son girma da shugabanci, sannan zuwa neman lahira. Bai ce a tsaya a mataki na farko ba, bai kuma ce a tsallake shi ba. Haka iyayenmu suke yi wa yaron da ya sauke Alƙur'ani walima, kuma ban ga mahaddacin da ya bar tilawa don an gama cin shinkafar saukarsa ba, domin kafin ranar walimar karatun ya riga ya zama nasa.

Abin da nake tsoro ya fi biskit. A makarantu da yawa, idan aka ce wa malami ya bar kyauta, abin da ya rage a hannunsa bulala ce. Ibn Khaldun ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, ya ce tana ƙuntata rai, tana tafiyar da nishaɗi, tana jawo kasala, tana kuma koya wa yaro ƙarya da yaudara don ya tsira daga hannun wanda ya fi ƙarfinsa. Idan zaɓin tsakanin fensir ne da dorina, ni fensir zan zaɓa. Sannan kada a manta cewa a cikin yaran nan akwai wanda ya fito gida bai karya ba, kuma a wurinsa biskit ɗin nan karin kumallo ne. Abraham Maslow ya faɗa tun 1943 cewa mai jin yunwa hankalinsa na kan abinci kafin komai. Irin wannan yaro a ba shi don yana jin yunwa, kada a ɗaura abincinsa a kan yawan shafukan da ya karanta.

Ɗalibar Digiri na Biyu:

Ina neman izinin Baba da Malam in taɓo tambaya ta uku, wadda ba a amsa ba tukuna, wato yaran da ke zama a baya.

Kyautar da za a ba wanda ya fi kowa tana motsa wanda yake ganin zai iya cin ta ne kawai. A aji mai yara da yawa, kowa ya san mutum biyar ko shida da gasar take tsakaninsu tun kafin a fara, sauran kuma 'yan kallo ne. Albert Bandura ya yi bayani a 1977 cewa akwai bambanci tsakanin mutum ya yarda cewa aiki kaza yana kawo sakamako kaza, da ya yarda cewa shi da kansa zai iya yin aikin. Yaran baya sun yarda cewa karanta labari yana kawo fensir, abin da ba su yarda da shi ba shi ne cewa su za su iya karanta labarin har ƙarshe. Bandura ya ce abin da ya fi gina wannan yarda shi ne mutum ya gwada da kansa ya yi nasara, ya fi lallashi da baki ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka ina ganin abu na farko, Malama, shi ne ki zauna da su ɗaya bayan ɗaya ki ji ko suna iya haɗa baƙi da wasali ba tare da tuntuɓe ba, domin mai yiwuwa littattafan akwatin sun fi ƙarfinsu ne.

Akwai kuma abin da Martin Seligman da Steven Maier suka gano a 1967. Karnukan da aka riƙa jona wa lantarki ba tare da suna da hanyar tsayar da shi ba, da aka kai su inda tsallake wani ɗan shinge kaɗai zai cece su, yawancinsu sai suka kwanta suna kuka ba su gwada ba, alhali waɗanda a baya suka samu ikon tsayar da shi sun tsallake. A 2016 su biyun suka sake duba ra'ayin nasu bisa abin da aka gano game da ƙwaƙwalwa, suka ce miƙa wuya shi ne abin da halitta take yi da kanta idan wahala ta daɗe, abin da ake koya shi ne sanin cewa ƙoƙari yana canza wani abu. Yaron da ya shekara uku yana zuwa na kusa da ƙarshe, ana kiran matsayinsa a bainar jama'a, bai taɓa samun damar koyon wannan ba.

Sai kuma sharaɗin da aka saka, na fitowa gaban aji. Alexander Thomas da Stella Chess sun fara bin rayuwar yara fiye da 130 a birnin New York tun 1956, suka ga cewa tun suna jarirai yanayinsu ya bambanta: kusan kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin hali ne, kusan kashi 10 masu wuyar sha'ani, kusan kashi 15 kuma masu jinkirin sakewa da sabon abu, sauran ba su faɗa rukuni ɗaya ba. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard shi ma ya samu cewa kusan ɗaya cikin biyar na jarirai 'yan wata huɗu suna firgita sosai da baƙon abu, kuma da yawansu sukan taso da ɗari-ɗari. A wurin irin wannan yaro, tsayawa gaban 'yan ajinsu yana ba da labari horo ne, fensir ɗaya ba zai biya shi fargabar ba. Ƙila a cikin yaran baya akwai wanda yake iya karatu sarai, gaban ajin ne ba ya so, kuma da an ce ya ba abokinsa ɗaya labarin a kan benci da ya yi.

Mukan ce hali zanen dutse, amma nazarin da Brent Roberts da Wendy DelVecchio suka wallafa a 2000, wanda ya tattara bincike masu yawa da aka bi mutane shekara da shekaru, ya nuna cewa tabbatuwar hali tana da rauni a yarinta, tana ƙaruwa ne da shekaru har ta kai ƙololuwa bayan shekara 50. Bai dace a yanke wa ɗan shekara tara hukuncin cewa rago ne ba.

Malamar Aji Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba, maganar yunwa gaskiya ce, kuma zan raba ta da maganar karatu kamar yadda ka ce. Amma ina da sauran tambaya ga Malam. Kusan duk gwaje-gwajen nan a kan yaran Amurka aka yi su, waɗanda tun suna ƙanana ake tambayarsu abin da suke so. Yaranmu sun taso ne a kan bin umarnin iyaye da malamai, kuma da yawansu suna ƙoƙari ne don su faranta wa mahaifiyarsu rai. Shin wannan buƙata ta mutum ya ji shi ya zaɓa ta shafe su kuwa, ko dai al'adar wasu ce aka mayar da ita ƙa'idar kowa?

Malami a Kwalejin Ilimi:

Tambayar tana kan hanya, Malama, kuma masanan da kansu sun yi ta. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun wannan fanni ya samu cewa kusan kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, Afirka kuwa rabonta bai kai a ambata ba. Saboda haka taka-tsantsan wajibi ne.

A kan batun zaɓi kuwa akwai gwajin da ya taɓa ainihin abin da kika faɗa. A 1999 Sheena Iyengar da Lepper, wato shi dai mutumin gwajin zane, suka ba yara 'yan shekara 7 zuwa 9 a birnin San Francisco wasan harhaɗa kalmomi. Wasu su suka zaɓi wanda za su yi, wasu mai gwajin ce ta zaɓar musu, wasu kuma aka ce musu mahaifiyarsu ce ta zaɓa. 'Ya'yan Turawan Amurka sun fi ƙoƙari idan su suka zaɓa, 'ya'yan 'yan asalin Sin da Japan kuwa sun fi ƙoƙari idan aka ce zaɓin mahaifiyarsu ne. Amma duka rukunan biyu sun yi sanyi idan baƙuwar da ba su sani ba ce ta zaɓar musu. Daga baya, a 2008, Xue-hua Bao da Shui-fong Lam suka yi aiki da yara a Hong Kong, suka samu cewa zaɓin uwa ko na malami yana zaburar da yaro ne idan akwai shaƙuwa tsakaninsu, idan babu shaƙuwa kuma yaron ya fi ƙoƙari a kan abin da ya zaɓa da kansa.

Abin da na fahimta daga nan shi ne buƙatar da Deci da Ryan suke magana a kai ba ta nufin yaro ya yi gaban kansa. Tana nufin zuciyarsa ta amince da abin da yake yi. Yarinyar da take karatu don mahaifiyar da take ƙauna ta ji daɗi da yardarta take yi, wadda take yi don tsoron dukan da za ta sha idan ta koma gida kuma tilas ce ta kawo ta, ko da yake daga waje dukansu biyayya suke yi. Deci da Ryan sun bayyana matakan da dalilin da ya fara daga waje yake bi har ya zama na mutum, daga yi don lada ko tsoro, zuwa yi don gudun jin kunya, zuwa yi don an ga amfanin abin, kuma a nan nake ganin maganarsu ta kusanci matakan Al-Ghazali da Baba ya kawo.

Inda nake ɗan saɓa wa Baba shi ne bayanin Skinner. Ya isa ya bayyana janyewar sababbin shiga, domin sun koma inda suke ne tun farko. Bai isa ya bayyana na farkon ba, waɗanda suka faɗo ƙasa da inda suke kafin a fara kyautar, kuma wannan gangarowar ita ce abin da Lepper da abokansa suka auna. Wahalar aji mai cunkoso ita ce sanarwa ɗaya take shiga kunnen mai buƙatar turi da wanda ya riga ya yi nisa.

Game da yabo, wanda shi ne abin da zai maye gurbin biskit a bakinki, a yi hattara da irinsa. Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yaran aji biyar da aka yaba wa ƙwaƙwalwarsu sun fi saurin karaya bayan sun gamu da tambayoyi masu wuya fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na rukunin farko sun ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗa wa wasu yara sakamakonsu. Wani yunƙuri na maimaita gwajin a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2019, bai samu tasiri mai ƙarfi haka ba, don haka ba zan ɗora masa nauyi da yawa ba. Abin da ya fi tabbata shi ne na Butler, wato magana a kan aikin kansa. Idan yarinyar nan ta gama littafi, ki tambaye ta wane mutum ne a labarin ya fi ba ta haushi da dalilinta, ki saurari amsar da gaske, sannan ki bar ta ta zaɓi na gaba da kanta daga cikin akwatin.